Ranar da Talle Ta Zauna a Kan Gungume

Dalilin da ya sa jirgin iska, wato kwalekwalen da iska ke turawa a kogi, ke da ƙaton ciki, yara, gajiya ce kawai, kada wani ya ruɗe ku da zancen hikima.

A da, jiragen garinmu sirara ne kamar sillen kara. Al'adar masassaƙa ita ce mai jirgi ya zauna kan gungume, a zana faɗin mazaunansa, a sassaƙa daidai nan. To masunta kuwa duk ƙashi ne da fata. Da an ɗaga tabarma a kan gora, iska ta buso, sai kifewa.

Akwai wani masunci, Mazadu, wanda ya fi kowa ramewa, saboda haka ya fi kowa shan ruwa. Sarkin Ruwa ya gaji da tsamo shi, ya ce, "Mazadu, ka sake kifewa sau ɗaya, ka nemi fartanya. Kogi ya sallame ka."

Mazadu ya sayi sabon gungume wurin tsoho Tunau masassaƙi. Ranar awo ya kasa tashi, jiki ya mutu da iyo, sai ya aiki yayarsa Talle ta ce a ɗaga zuwa gobe. Talle kuwa, tubarkalla, ƙofa biyu ake buɗe mata. Ta iso tana haki, ta ga gungume, ta zube a kai.

"Wash! Baba Tunau, bari in huta tukuna."

Tunau ya shekara arba'in yana sara, ido ya dushe, kunne ya yi nauyi. Ko kai bai ɗaga ba, ya ja gawayi nan da can.

"Tashi, Mazadu, an gama. Kai, ka samu lafiya bana!"

Talle ta ga gyaran zancen zai ci ƙarfi, ta koma gida abinta.

Da jirgi ya fito, gari ya fashe da dariya. "Mazadu, akushi ka saya? Ina miyar?"

Haka ya shiga, kai a sunkuye. Tsakiyar kogi iska ta taso, sirara suka bi juna suna kifewa. Na Mazadu ya karkata dama, ya yi nishi, ya karkata hagu, ya zauna daram. Shi ya riƙa tsamo mutane, har da Sarkin Ruwa, wanda ya fito yana ta aman ruwa.

Shi ya sa har yau jirgin iska ke da ciki, yake tafe a hankali kamar an tashe shi daga hutu. Kuma in ramamme ya je wurin masassaƙi, tambayar farko ita ce, "Malam, ba ka da yaya?"