Amalanken Ban Ruwan Jatau

"Ku matso kusa. Ga ta nan, ga ta nanku."

"Ta zo mu ji ta, Kaka!"

Wani mutum ne wai shi Jatau, yana da lambun tattasai can bayan gari, nesa da rijiya. Da lambun nan yake ci da iyalinsa. Ɗaukar ruwa a ka har ta sanƙarar masa da wuya. Sai ya samo tsohuwar ganga ya ɗaure bisa amalanke. Sai ya haɗa mata tiyo, ya bi shi da allura mai zafi yana hudawa, ruwa na ɗiga daidai gindin kowace shuka.

Ya yi dashe ke nan, sai ga maƙwabcinsa Tanko.

"Jatau, ara mini amalanken nan na yini ɗaya mana."

Dashe na jiran ruwa, amma maƙwabci ne fa. "Ɗauka."

Tanko sarkin gaggawa ya ga ɗigon na ɓata masa lokaci, sai ya sa ƙusa ya buɗa hudojin. Jatau bai gama naɗe su da roba ba, sai ga surukinsa. Jatau ya zube ya gaishe shi.

"Ɗana, na ji ka yi abin arziki."

"Ai naka ne, Baba."

Wa ya isa ya hana suruki? Tsohon nan, ko kunya babu, ya yanki rabin tiyon ya yi wa jakinsa dabaibayi!

Sai ga Sarkin Noma. Shi ko roƙo bai yi ba. Ya ce, "Madalla da ɗanmu," ya sa aka tura amalanke gonarsa. Kafin ya dawo da shi, tattasan Jatau ya bushe ƙurmus.

Jatau na tsaye cikin lambu, sai ga su su uku sun zo jaje. Surukin ya duba, ya girgiza kai.

"Assha! Kai da ka ƙera abin ban ruwa, ka bar shukarka ta mutu? Ɗana, wannan ai lalaci ne."

Ku ji fa! Ni da nake ba ku labarin ma raina ya ɓaci. Magana ta zo wa Jatau har maƙogwaro. Sai ya durƙusa, ya sunkuyar da kai.

"Haka ne, Baba."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu. Ku shayar da taku shukar kafin ku ba da aro, don kunyar mara kunya asara ce.