Allurar da Aka Ajiye wa Huda

Madam Safiatou ma'aikaciyar jinya ce a wani ƙaramin asibitin unguwa a Yamai, kuma ita ke riƙe da ɗakin rigakafin yara. Ta iya aikinta, wannan ko wanda ba ya sonta ba zai musa ba. Jariri na shan nono za ta soka masa allura ta zare, sai ta juya baya sannan ya tuna ya kamata ya yi kuka. Sai dai tana da wani hali da ya ɓata mata duk wannan. A ganinta dokokin aiki don sababbin hannu aka yi su, ita kuwa ta wuce nan. In an tura su ƙarin horo, can baya take zama tana danna waya. In shugaban asibitin, Majo Boubacar, ya tuna mata wani abu, sai ta yi murmushi ta ce, "Majo, kana ɗan makaranta a lekol nike wanga aiki."

Ban da haka, tana son a ce ita ce gatan dangi. Ba ta yarda nata ya bi layi. Ita dai a ji ana cewa, "Ai muna da Safiatou a asibiti," wannan ya fi mata komai daɗi.

Tana da ƙane guda, Nassirou, tela ne a unguwar Maourey. Matarsa Sa'adatu tana sayar da kayan yaji a kasuwar Petit Marché. Sun daɗe ba su samu haihuwa ba, sai daga baya Allah ya ba su 'ya mace, suka sa mata suna Huda. Safiatou ta ɗauki son duniya ta ɗora wa yarinyar nan. Duk rigar da ta gani a kasuwa sai ta saya mata, ko ta yi mata yawa.

Da Huda ta kai wata tara, lokacin rigakafin ƙyanda ya yi, cutar da mutanen nan ke kira dussa. Wannan magani gari ne a ƙaramar kwalba, kuma kwalba ɗaya ta ishi yara da dama. Ana haɗa shi da ruwansa ne a ranar da za a yi. Da zarar an haɗa, awa shida ne iyakarsa. Abin da ya rage zubarwa ake yi, domin babu abin da ke kare shi daga ƙwayoyin cuta. Shi ya sa aka ware masa rana guda a mako, ranar Talata, don yara su taru.

Talata ta zo, Sa'adatu ba ta zo ba. Da azahar ta bugo waya.

"Yaya, ki yi mini haƙuri. Motar tattasai ta iso, in na tashi wasu za su kwashe. Sai Talata mai zuwa in Allah ya kai mu."

"Wace Talata? Dussa na yawo cikin gari ki ce mini Talata mai zuwa? Na ajiye wa ɗiyata rabonta. Gobe da sahe ku kawo ta gidana."

"Ana iya hakan, Yaya?"

"Ke da tattasai kika sani, ni za ki tambaya?"

Suka yi dariya, ta kashe waya.

A kan teburinta akwai kwalbar da ta haɗa tun hantsi, da ɗan saura a ciki. Ta san wurinsa kwandon shara. Ta ɗaga ta duba, ta ga ruwan garau. Ta ce a ranta, abu mai kyau haka a zubar, ga 'yar ƙanenta ba ta samu ba? Ta kuma san in ta mayar da ita firjin asibiti Majo zai gani ya yi magana. Sai ta naɗe ta a leda da ɗan ƙanƙara, ta jefa a jaka. Da ta isa gidanta a unguwar Koira Kano ta sa ta a firjin kicin, kusa da gorunan zoɓo, kamar sauran tuwon da za a ɗumama.

Lokacin tsananin zafi ne, wuta kuwa sai ta ga dama take zuwa. Ranar Laraba aka ɗauke ta wuni guda. Su Nassirou ma ba su zo ba, ɗinki ya riƙe shi. Sai ranar Alhamis da safe ya ɗauko matarsa da 'yarsa a babur.

Da Safiatou ta buɗe firji ta ji kwalbar ba sanyi. Nan ne Allah ya ba ta dama ta ƙarshe, kuma ta gan ta da idonta, don sai da ta ɗan tsaya. Amma ga ƙanenta a falo, ya rufe shago saboda maganarta. Ta yaya za ta fito ta ce ta yi kuskure? Wannan kalma ba ta taɓa fitowa daga bakinta ba. Ta zuƙi maganin a sirinji ta fito.

"Riƙe mini ita, Nassirou. Uwar nan tata tsoro gare ta."

Ya ɗora Huda a cinyarsa, ya riƙe ɗan damtsenta yana yi mata wasa. Yarinyar ta ɗan yi ƙara ta yi shiru. Suka sha shayi, suka yi godiya, suka tafi.

Bayan azahar jikin Huda ya ɗau zafi. Sa'adatu ta bugo waya, Safiatou ta ce ai haka rigakafi yake, a ba ta maganin zazzaɓi. Kafin la'asar amai ya fara, ga gudawa kamar ruwa. Da aka sake bugowa, Nassirou ne da kansa.

"Yaya, ɗiyar ga ba ta ko iya kuka. Idonta ya juye."

Safiatou ta ɗauki jakarta ta fita. Tun kafin ta isa babban asibitin da suka kai Huda, ta riga ta san abin da ya faru. Likita ya tambaya ko yarinyar ta ci wani abu, ko an yi mata wani magani. Sa'adatu ta ce rigakafi kawai aka yi mata da safe. Ya ce a ina? Safiatou ta yi saurin cewa, "A wurina, ni ma'aikaciya ce." Ba ta ƙara komai ba, shi ma bai tsaya bincike ba, don hankalinsa na kan neman jijiyar da zai sa ruwa. An yi duk abin da za a iya. Washegari da hantsi Huda ta rasu.

Ba na jin akwai baƙin cikin da ya kai na mutumin da ke zaune ana yi masa ta'aziyyar ran da shi ya salwantar. Haka Safiatou ta zauna a tsakar gidan ƙanenta a Maourey cikin mata, kowa ya shigo sai ya dafa ta. Sa'adatu ma, da idonta a kumbure, cewa take yi, "Yaya ta yi mana ƙoƙari. Har gida ta ajiye mata."

Sai wata maƙwabciya ta ce, "Ni dai na daɗe ina hwaɗi. Allurar ga tasu ba alheri ba ce. Ɗiya lahiya lau da sahe, ku duba."

Wata ta ce, "Nawa Talata za a yi mai. Wallahi ba shi zuwa."

Magana ta bi tabarma, wannan ta ce ta fasa, waccan ta ce ta fasa. Safiatou ta dubi jariran da ke goye a bayansu. Ta san abin da ƙyanda ke yi wa yaro, ta sha gani. Idan ta yi shiru mutuncinta ya tsira, amma waɗannan yaran za su biya. Sai ta miƙe.

"Ku kai ɗiyanku. Ba rigakahi ya kashe Huda ba, ni ce. Maganin tun Talata na haɗa shi, ya kamata in zubar. Na kai shi gida, ya lalace, na yi mata."

Sa'adatu ta kalle ta kamar ba ta gane yaren ba. Nassirou yana bakin ƙofa, ya kawo wa mata ruwa, kuma ya ji komai. Ya ajiye bokitin a hankali.

"Yaya, mantuwa kika yi?"

"A'a."

"Kin san ba a ajiye shi?"

"Na sani."

Ya daɗe yana kallon hannayensa. Bai zage ta ba, bai ɗaga murya ba. Da ya yi hakan, da ta ji sauƙi. Cewa kawai ya yi, "Kuma kika ce ni in riƙe miki ita."

An kore ta daga aiki, hukuma kuma ta yi nata binciken. Matan unguwa da yawa sun kai 'ya'yansu, wasu ba su kai ba. Nassirou yana gaishe ta in sun haɗu a sha'anin dangi, don ba ya yanke zumunci. Bayan shekara biyu Sa'adatu ta sake haihuwa. Safiatou ta je barka, ta miƙa hannu za ta karɓi jaririn, sai uwar ta gyara masa zane ta ce barci yake yi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, duk ƙwarewar ma'aikacin lafiya ba ta ɗora shi a kan dokar magani ba. Ranar da aka ce a zubar, a zubar, ko da ido ya ga kamar lafiyarsa lau. Allura wurinta asibiti, a ranarta, daga kwalbar da aka adana yadda ya dace. Idan kana son ɗan'uwanka, ka bar shi ya bi layi kamar kowa, don layin nan shi ne kariyarsa. Kuma in ka ga ka yi kuskure, ka faɗa tun ana iya gyarawa. Kunyar da za ka ji a lokacin ba komai ba ce a kan ran da aka damƙa a hannunka.