Manomin da Ya Taya Mota Uku a Rana Ɗaya

A wani gari can kan tudu akwai wani mutum, manomin dankalin Turawa. Yana da gonaki, yana da iyali, yana kuma da bakin ciniki wanda ba mai irinsa a kasuwar garin. In ya tsaya gaban mai taki ya ce, "Nawa?" sai ka ga mai taki ya gyara zama, don ya san yau da aiki. Shi ma manomin ya san da haka, yana kuwa jin daɗin abin fiye da yadda ya kamaci dattijon ikkilisiya. Amma kowa ya shaide shi da hali guda: in ya taya kaya aka ce an sallama, to ya saya ke nan, ko da ya juya ya ga mai araha a rumfa ta gaba.

Kowace shekara in ya haƙe dankali, sai ya tara buhuna a bakin hanya yana jiran motar haya. Direbobi su ce gobe, goben ta zama jibi, rana ta doki buhunan, na ƙasa su fara ruɓewa. Da abin ya ishe shi, sai ya ce lalle bana sai ya sami a-kori-kura a hannunsa kafin lokacin haƙa. Ba shi da ƙarfin saye, amma ya ji labari cewa dillalan motoci na birni suna ba da mota haya ta shekara biyu, mutum ya riƙa biya wata-wata, in wa'adi ya cika ya mayar.

Matarsa tana da ƙane, Gayus, ma'aikaci a birni, irin mutanen nan da ba a taɓa tambayarsu abu suka ce ba su sani ba. Ya zo hutu, ya ji maganar, ya ce, "Yaya, yanzu ba a yawo daga fili zuwa fili. Imel ake aikawa, kana zaune a gidanka su riƙa ribibinka."

Manomin kuwa ya iya karatu da rubutu sarai. Ya sa tabarau, ya ɗauki wayarsa, ya rubuta wa dillalai uku da yatsa ɗaya. Na fari babban kamfani ne mai gidan gilashi. Na biyu matsakaici. Na uku wani Alhaji ne mai ɗan fili a bayan tasha, motocinsa ba su kai goma ba. Kowace wasiƙa sai da ya fara da ina gajiya, ina iyali, yaya kasuwa, kafin ya zo kan magana. Gayus ya yi ta dariya, ya ce ba a gaisuwa a imel. Manomin ya ce shi bai taɓa shiga rumfar mutum ba sallama ba, ba kuwa zai fara da tsufansa ba.

Amsoshi suka zo, a nan ne fa mutumin ya nuna ko shi wane ne. Bai ruɗu da hotuna ba. Ya bi ƙananan rubutun nan da ake ɓoyewa a ƙasa layi-layi, ya gano an ƙayyade masa tafiyar da zai yi a shekara, in ya wuce a ci shi tara. Ya tambaya wa zai sayi taya, wa zai biya inshora, in birki ya lalace a kan dutse nauyin wa ne. Sati biyu ana kai da komo, har wani ma'aikacin babban kamfanin ya tambaye shi ko lauya ne yake rubuta masa. Ranar nan bakin manomin har kunne, ya karanta wa matarsa wurin sau uku, ya kuma karanta wa maƙwabci ta kan danga. Ni kam ban ga laifinsa ba, abin a yi alfahari ne.

Da lokacin tayi ya yi, Gayus ya ce, "Ka yanke kuɗin sosai, ka aika wa dukansu uku tare. Haka ake yi."

Manomin ya ga dabarar ta yi. A tunaninsa ai ba mai sallamawa a tayin fari. Shekara talatin yana ciniki, kullum sai an ce "albarka" sau biyu ko uku, mutum ya juya kamar zai tafi, sa'an nan a kira shi. Don haka ya rubuta, "A sallama mini a kaza," ya aika wa mutum uku da safiyar Talata, ya saɓi fartanya ya tafi gona. Abin da ya manta shi ne, a kasuwa mutum ba ya iya tsayawa gaban rumfa uku a lokaci guda. Waya ce ta ba shi wannan iko, shi kuwa bai lura ba.

Kafin hantsi ya dubi ludayi wayar ta yi ƙara a aljihunsa. Alhajin bayan tasha ne, layi biyu kawai: "Na sallama, Allah ya sa alheri. Ka zo ran Asabar ka ɗauka." Motar Alhaji shuɗiya ce, ta yi shekara uku tana aiki, ga ɗan lotsawa a ƙofar hagu. Manomin ya yi mamaki, amma ya ce to, ba laifi. Da azahar dillali na biyu ya ce albarka, ba zai iya ba.

Da la'asar sai ga wasiƙar babban kamfani. Su ma sun yarda da tayinsa. Ba wannan kaɗai ba, za su ba shi sabuwa fil, fara, ko ledar kujeru ba a cire ba, za su ɗauki nauyin gyara duka, su kuma kawo masa ita har ƙofar gida.

Manomin ya ajiye fartanya. Ya zauna a kan kunya yana duban hoton motar da suka aiko.

A gida Gayus ya yi tsalle ya buga ƙafa. "Yaya, ka gama da su! Ka amsa wa kamfani yanzu-yanzu."

"Alhaji fa?"

"Wane Alhaji? Ka sa hannu a takarda ne? Ka ba shi ko sisi? Ko fuskarka bai sani ba. Ka yi shiru kawai, in ya ji shiru zai gane."

Matar ta karɓi wayar, ta daɗe tana kallon farar motar. Ta ce, "Kai, motar nan ta yi kyau." Ta mayar masa, ta ce, "Baban Tabita, cikinsu wa ya fara sallama maka?"

Ya karɓi wayar ya sa a aljihu.

Kwana biyu mutumin nan ya kasa zaune ya kasa tsaye. Yana son farar motar, ba ƙarya. Ya riga ya gan ta a zuciyarsa tsaye a gaban majami'a ran Lahadi, mutane suna leƙawa. Ya kuma san gyaran tsohuwar mota zai riƙa cin guminsa har shekara biyu. Amma abin da ya fi ci masa rai shi ne, shi gwanin ciniki, shi da aka ɗauka lauya ne, ya yi kuskuren da ko sabon shiga kasuwa ba zai yi ba: ya taya kayan mutum uku, alhali ɗaya zai iya ɗauka. Gayus ya ce rubutun waya ba magana ba ce. Manomin ya buɗe saƙon ya sake karantawa, ya ga kalmominsa ne, da yatsansa ya rubuta su, ba wanda ya tilasta shi.

Ran Alhamis da safe ya sa tabarau ya rubuta wa kamfanin. Ya gaishe su yadda ya saba, ya ce, "Na yi muku laifi. Na taya motarku alhali na taya ta wani, shi kuwa ya riga ku sallamawa. Ba zan iya karɓar taku ba, ko da yake ta fi. Ku gafarce ni." Wannan wasiƙa ta fi dukan sauran wuyar rubutawa, bai kuwa karanta wa maƙwabci ita ba.

Kamfanin ya amsa cewa ba kome, in ya sake shawara ƙofa a buɗe take har ƙarshen mako. Gayus ya riƙe kai, ya ce shi bai taɓa ganin mutumin da ake bi da alheri yana gudu ba.

Ran Asabar manomin ya shiga motar haya ya tafi birni. Da ya isa filin da ke bayan tasha, ya tarar da wani ɗan kwangila mai babbar riga tsaye jikin shuɗiyar motar yana ɗaga murya, wani tsoho siriri yana zaune a benci yana girgiza kai.

Ɗan kwangilar yana cewa, "Na ƙara maka, na sake ƙarawa. Mutumin da ba ka taɓa gani ba, ka san ma zai zo?"

Tsohon ya ce, "Tun Laraba na gaya maka, na sallama wa wani."

Manomin ya yi sallama, ya faɗi ko shi wane ne. Tsohon ya miƙe, ya kama hannunsa da hannu biyu, ya juya ya dubi ɗan kwangilar ya ce, "To, ga shi nan." Ɗan kwangila ya ja tsaki ya tafi.

Manomin ya bi ɗan kwangilar da kallo. A duk kwanakin nan yana ta auna asarar kansa, bai taɓa tunanin cewa a can ɗaya gefen akwai mutumin da yake korar mai kuɗi saboda layi guda da wani baƙo ya aiko masa ba. Ya ce, "Alhaji, bari in gaya maka gaskiya. Saura kaɗan ka ji ni shiru."

Alhaji ya yi dariya, ya ce, "Malam, ni ma jiya saura kaɗan."

Suka sa hannu. Manomin ya tuƙo shuɗiyar motar ya hau tudu da ita, ƙofar hagu tana ƙara a kowane gargada, shi kuwa zaune tsaf, ƙirji a gaba, yana ɗaga wa mutane hannu. Motar ta yi masa aiki shekara biyu. Ta ci taya, ta ci birki, ba wata mu'ujiza da ta mai da ita sabuwa, Gayus kuma har yau yana cewa yayansa ya tafka asara.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Manomin nan kai ne, ke ce, ni ne. Tayin da ya yi shi ne kowace "i" da take fita daga bakinmu, ko daga yatsunmu. Farar motar kuwa ita ce abin da ya fi kyau, wanda yakan iso bayan mun riga mun yi magana. Kullum a makare yake zuwa, a nan ne kuma ake gane ko maganar mutum tana da nauyi.

Zamanin nan ya sauƙaƙa mana alkawari ƙwarai. Kana kwance ka ce wa mutum uku "zan zo" a rana ɗaya, a sa'a ɗaya. Ka ce wa mai gini gobe ya fara aiki, wani ya zo da araha, sai ka daina ɗaukar wayar na farin. Saurayi ya gaya wa 'yar mutane magana, iyayenta suka sallami masu zuwa, shi kuwa ya hango wata a birni ya yi ɗif. Muna cewa ai ba a sa hannu ba, ai ba wanda ya gani. Ubangiji ba ya jiran sa hannu kafin ya ji maganar ɗansa.

Ku lura kuma, manomin bai fita ba tare da laifi ba. Ya yi kuskure, kuskuren kuwa ya sa dole ya ɓata wa wani. Amma bai ɓuya a bayan shiru ba, ya faɗi laifinsa da sunansa, ya biya abin da gaskiya ta ci masa. Irin wannan mutum nake alfahari da shi a cikin ikkilisiya, ko da motarsa tana ƙara.

Mu kanmu da alkawari muke raye. Allah ya yi magana zai cece mu tun ba mu san shi ba, tun ba mu da wani abin kirki da za mu nuna. Da lokacin cikawa ya yi, tamanin ya zama gicciye, bai kuwa janye ba, bai je neman mutanen da suka fi mu ba. In mu 'ya'yansa ne, ya kamata a ga kamanninsa a bakinmu.

Saboda haka kowa ya bincika zuciyarsa, ya kuma bincika wayarsa. Wataƙila akwai wanda ka ce masa "i" tun makon jiya, ko tun bara, ka ga abin da ya fi, ka yi shiru kana fata zai gane. Bai gane ba. Yana nan zaune yana jiranka, yana sallamar waɗansu saboda kai. In an tashi sujada yau, kafin ka sa hannu a tuwo, ka kira shi.