Tabarmar Damodar

Ku gyara zama, yau ƙasar Hindu za mu je. A wani ƙauye da kogi ya kewaye, an yi wani tsohon malami mai suna Damodar, yana karantarwa a gindin cediya. Karatunsa guda ne: ba don tuwo ake neman ilimi ba, sai don mutum ya san kansa, ya sa wa zuciyarsa linzami.

Ɗalibansa uku ne suka yi fice. Keshab ya tafi birni ya koyi gina gada, ya samu duniya har ya ajiye tumbi. Sumitra ta zama likita, sai mai hali ke ganinta. Nilkan kuwa ya zauna gindin cediya shekara ashirin, ko ƙusa bai iya bugawa ba. Tafiyar biyun nan ta yi wa tsohon ciwo ƙwarai. In aka ambace su sai ya ce, "Sun sayar da fitila sun sayi mai."

Wata damina kogi ya cika ya cinye gadar ƙauyen, cutar amai da gudawa ta ɓarke, ta kwantar da Damodar. Ruwa na hawa, mutane na mutuwa.

Keshab ya baro aikinsa ya zo. Kwana biyu yana cikin ruwa, ya haɗa gada da gora da igiya, ya ce ɗaya-ɗaya za ta ɗauka, in aka wuce haka ta tsinke.

Sumitra ce ta fara haurowa da jakar magani a ka. Ta tarar da malaminta ido ya faɗa, ta yi masa ƙarin ruwa har ya farfaɗo, shi da wasu da yawa.

Da lokacin ƙetarewa don tsere wa ruwan ya yi, tsoro ya ruɗa jama'a, suka yo kan gadar gaba ɗaya, kowa ta kansa yake yi. Nilkan ya tsaya a bakinta ya ce, "'Yan'uwa, ni ne zan haye ƙarshe." Ruwa ya kai masa ƙirji, muryarsa ko rawa ba ta yi, yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Kunya ta kama mutane, suka yi layi.

Damodar ya tashi, amma ƙarfin karantarwa ya ƙare, dole ya bar wa mutum guda tabarmarsa. Ya dubi Keshab ya ce, "Ɗana, me ya dawo da ku?"

"Malam, birni ya koya mana sana'a. Dawowa kuwa, a gindin cediyar nan muka koye ta."

Tsohon ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba, don shekara ashirin yana yi musu mugun zato. Ya naɗe tabarmar ya rungume, ya rasa wanda zai miƙa wa.

To, ku da kuke saurare, tsakanin mai gada, da mai magani, da wanda ya tsaya cikin ruwa, wa ya cancanci tabarmar nan?