Bushiya Mai Jinyar Kwaɗon Randa

Ga ta nan, ga ta nanku, yau da jiƙaƙƙun ƙafafu ta taso.

Ta ƙaraso mu ji ta, ko da za ta ɓata mana tabarma.

To, ku matso. Wata tsohuwa ce a wani ƙauye a bakin fadama, sunanta Tasalla. 'Ya'yanta duk sun yi aure sun watse. Ba ta da akuya, ba ta da kaza, sai kwaɗo guda ɗaya a cikin randa. Kada ku yi dariya tukuna. Tun yana ɗan mitsitsi da wutsiya ya biyo tulunta daga rafi, ta juye ruwa ta gan shi yana wutsil-wutsil, ta ce bari ta ga abin da zai zama. Ita Tasalla haka Allah ya yi ta, ba ta iya ganin abu ta wuce sai ta ji dalilinsa. Wutsiya ta ɓace, ƙafafu suka fito, ta yi ta mamaki. Ta sa masa suna Ɗan Sanyi, don ta rantse tun da ya shiga randar nan ruwanta ya fi na kowa sanyi a unguwar. Da shi take hira, shi take kai wa ƙarar ciwon gwiwarta.

Ana nan, ana nan, ran nan maƙwabciyarta Lanti ta shigo da ƙishi, ta zura moɗa a randa ba ta duba ba. Moɗar kuwa bakinta a tsage yake. Sai ta yanki Ɗan Sanyi a cinya.

Kwana ɗaya, kwana biyu, kwana uku, cinya ta kumbura ta yi ja. Mugunya ta taru, wani fari-fari kamar audugar rimi ya tsiro a bakin ciwon. Ɗan Sanyi ya daina cin ƙuda, ya daina iyo, sai ya kwanta a gefe ɗaya yana lumshe ido. Hankalin Tasalla ya tashi ƙwarai, har tuwo ta kasa ci.

Lanti ta zo dubiya ta ce, "Yaya Tasalla, ai ke ma kin sani, ciwo ba ya son ruwa. Wa kika taɓa gani ya warke yana jiƙa miki? Fito da shi ki shanya. Ki shafa masa man shanu, ki barbaɗa toka. In ya sha iska ki yi masa gashi da ruwan zafi."

Tasalla ta ce, "To shi da aka haifa a cikin ruwa fa?"

Lanti ta ce, "Ciwo dai ciwo ne. Haka aka yi wa kakana da gatari ya sare shi."

Tasalla ta tsamo shi, ta ɗora a faifai a gindin bishiya, ta shafa man shanu, ta barbaɗa toka. Kafin azahar fatarsa ta bushe ta yi tauri, ko ido ba ya iya buɗewa. Ta ce to, saura gashi. Ta shiga madafa ta ɗora ruwa a wuta.

A ƙarƙashin rumbun gidan kuwa akwai Bushiya. Damina biyu ke nan tana jin kukan Ɗan Sanyi daga cikin randa tana haɗiyar yawu, amma randa ta yi mata tsawo, kuma kullum a rufe. Yau ta leƙo, sai ga kwaɗo a ƙasa, a kan faifai, har an shafa masa man shanu. Ta ce, "Kai, wannan tsohuwa da kirki take."

Ta taho sumumu, ta buɗe baki, sai wari ya bugi hancinta. Ta ja da baya. Ta zagaya ta ɗaya gefen, wari. Ta duba, kwaɗo ya rame, sai ƙashi da toka.

Ta ce, "Damina biyu ina jira, in zo in ci ruɓaɓɓe? Ina! Sai ya warke, sai ya yi ƙiba."

Tana cikin haka sai ga Tasalla da ƙwaryar ruwa yana tururi. Bushiya ta miƙe ta gyara murya.

"Salamu alaikum, Inna. Jinya ake ko girki?"

Tasalla ta ce, "Jinya mana. Gashi zan yi masa."

"In kika taɓa shi da wannan ruwan, sai dai ki kawo yaji. Ajiye."

Tasalla ta ajiye ta ce, "Ke wace ce?"

"Wanzamiya ce ni, gadon gidanmu ne. Ba ki ga kayan aiki a bayana ba? Wanzaman gari aska uku suke yawo da ita a zabira. Ni ƙirga nawa."

Tasalla ta durƙusa ta fara ƙirga ƙayoyi, ta kai arba'in ta gaji. Ta ce, "Lallai kin isa. To me za a yi?"

Bushiya ta ce, "Aiki hawa-hawa ne, kuma ba a tsallake hawa. Na farko sakiya, a huda a fitar da mugunya."

Ta juya baya, ta auna, ta ɗan matsa. Ƙaya ɗaya ta shiga kumburin, tsut! Mugunya ta fito. Ɗan Sanyi ya ce, "Wayyo Inna!" Rabonsa da magana kwana biyu ke nan, sai Tasalla ta fashe da kukan murna.

Bushiya ta ce, "Na biyu, ki wanke masa man nan da tokar nan, ki mayar da shi ruwa."

"Ruwa? An ce ciwo ba ya son ruwa."

"Ciwon mutum ke nan. Kin taɓa ganin kwaɗo ya kafa baki yana sha?"

Tasalla ta ce, "Wallahi ban taɓa ba."

"Da fatarsa yake sha. Kin toshe ta da mai, kin shanya shi kamar kuɓewa."

Tasalla ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ikon Allah! To ke ina kika san duk wannan?"

Bushiya ta ce, "Na daɗe ina mu'amala da kwaɗi, Inna. Na san su ciki da waje." Nan kam ba ta yi ƙarya ba.

Tasalla ta ɗauke shi za ta nufi randa, Bushiya ta yi wuf ta tare ta. "A'a, ban da randa. Ruwanta ya kwana da ciwon. Sabon kasko za ki samo, marar zurfi, ki ajiye a ƙasa."

"Don me a ƙasa?"

"Don mai magani ta riƙa isa wurin majinyaci."

Aka samo kasko. Bushiya ta ce ruwan rijiya za a zuba, a zubar a sake da safe, a zubar a sake da yamma, kuma kada a taɓa shi da hannu mai maiƙo. Ta ce a sa gishiri. Ita dai miyarta take gyarawa tun da wuri. Tasalla ta tambaya nawa, Bushiya ta ce cikin tafi. Ɗan Sanyi ya ji, ya ƙwalla ƙara tun gishirin bai taɓa ruwa ba. Bushiya ta ga kada abinci ya mutu kafin ya nuna, ta ce, "To, ƙwaya uku."

Sai abinci. Ta ce majinyaci sai gara da tana, a kawo cikin ƙoƙo safe da yamma. Tasalla ta ɗauki fartanya, da ciwon gwiwarta da komai, ta bi suri tana tono. In ta kawo, Bushiya ta ce sai mai magani ta ɗanɗana, kada a ba shi mai dafi. Ta ci tara ta ba shi ɗaya. Ta ci tara ta ba shi ɗaya.

Tasalla ta ce, "Don me tara?"

"Dafi ɓoyewa yake, Inna. Ba a gane shi a loma ɗaya."

Ruwa da safe, ruwa da yamma, ƙwayar gishiri uku. Ruwa da safe, ruwa da yamma, ƙwayar gishiri uku. Rana ta uku farin nan ya saɓule. Rana ta biyar kumburi ya saɓe, bakin ciwon ya fara haɗewa. Tasalla ba ta gajiya da kallo, takan zauna a bakin kasko ta ce, "Dubi yadda sabuwar fata ke tahowa daga gefe! Wa ya gaya mata inda za ta bi?" Ita ma Bushiya kullum sai ta matsa ɗaya cinyar ta ji, ta shinshina, ta haɗiyi yawu.

Ɗan Sanyi ya ce, "Gwaggo Bushiya, wannan ai ba ita ce mai ciwon ba."

Bushiya ta ce, "Gwadawa nake, in ga wadda ta fi."

Daga ranar, in Ɗan Sanyi zai yi barci, ido ɗaya kawai yake rufewa.

Rana ta bakwai da hantsi Bushiya ta duba. Ba wari, ba kumburi, cinya ta cika ta yi sumul. Ta ce, "Inna, saura hawa na ƙarshe, kuma idon mutum ba ya ganinsa. Fita waje, kada ki dawo sai na kira."

Tasalla ta fita. Amma kun san Tasalla. A ce ana wani aiki a gidanta ba ta ga yadda ake yi ba? Ta zagaya bayan danga, ta sami 'yar kafa ta liƙa ido.

Bushiya ta dafa bakin kasko ta ce, "Ɗana, miƙo ƙafar." Ya miƙo. Ta yi bisimilla, ta wage baki. Ɗan Sanyi ya tattara duk garar da ya ci ta kwana bakwai, ya sakar mata ƙafar nan a hanci, tau! Tsalle ɗaya ya yi sai bakin randa, ya ture faifan da aka rufe ta da shi, tsulum! Bushiya ta wuntsila sau uku, hanci na zubar da jini.

Sai ga Tasalla da taɓarya. "Me idona ya gani? Baki buɗe a kan cinyar ɗana?"

Bushiya ta dubi taɓarya, ta dubi ƙofa, ƙofa ta yi nisa. Ta ce, "Barka, Inna, ya warke! Hawa na ƙarshe ke nan, gwajin tsoro. Da lallashinsa na yi, kina jin zai yi wannan tsallen? Ƙafar da ba ta gudu daga mutuwa ba, ba a san ta warke ba. Dubi hancina, a kan aikinki na ba da shi."

Tasalla ta sauke taɓarya rabi. Ta leƙa randa ta ce, "Ɗan Sanyi, haka ne?"

Ɗan Sanyi ya ɗago kai, ya dubi Bushiya ya daɗe. Ya ce, "Haka ne, Inna, tsoro kam na ji shi. Sai dai ba kyau mai magani ta bar gidanmu da ciwo. Ke da kika koyi aikin yanzu?"

Tasalla ta jefar da taɓarya ta ce, "Allah ya yi maka albarka!" Kafin Bushiya ta ce uffan, an naɗe ta a zane, an tsoma ta a kasko, an kife da kwando, an ɗora dutse.

Ruwa da safe, ruwa da yamma. Ɗan Sanyi daga bakin randa ya ce, "Inna, ita babba ce, cikin tafi za a sa mata." Aka sa. Aka kawo gara, ya ce shi zai ɗanɗana saboda dafi. Ya ci tara ya ba ta ɗaya. Bushiya ta jiƙa sharkaf, haƙora na kaɗawa, hanci na zogi, ga Tasalla a zaune tana tambaya: "Yanzu me kike ji? Ta ina yake shiga? Ke ma da fata kike sha?"

Rana ta uku Bushiya ta ga in ta ƙara kwana ɗaya sai gawarta. Ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Kaico, Inna. Wahalar banza kike yi, kin tsallake hawa."

Tasalla ta zabura. "Wanne?"

"Da me na fara wa Ɗan Sanyi?"

Tasalla ta buga ƙirji ta ce, "Sakiya!"

"To. Kuma sai da ƙayar bushiya. Ni kuwa ƙayata a baya, hancina a gaba. Sai in je in kira yayata a hayin fadama ta yi mini, mu dawo tare a ci gaba."

Ɗan Sanyi ya buɗe baki zai yi magana, Tasalla ta ce, "Yi shiru kai, ba a tsallake hawa." Ta ɗaga dutse, ta ɗaga kwando, ta ce, "Ki ce wa yayar ta zo da shirin kwana, ina da tambayoyi."

Bushiya ta fita a hankali tana ɗingishi. Tana wuce danga ta zuba da gudu, ko rumbun ba ta waiwaya ba.

Ɗan Sanyi ya koma randarsa da ƙafa huɗu lafiyayyu, ya yi shekaru yana sanyaya ruwa. Tasalla ta sayi sabuwar moɗa, ta wanke kasko ta kife tana jira. Duk bushiyar da ta gani a hanya sai ta durƙusa ta ce, "Sannu, ke ce yayar?" Labari ya zagaya dangin bushiya kaf. Shi ya sa har gobe, in bushiya ta ji takun mutum, sai ta cusa hancinta a ciki ta dunƙule, ta yi kamar ba ta nan.

Ƙurunƙus, kan bushiya a kasko. Wanda duk zai ci majinyaci, ya toshe hanci ya ci tun yana kwance, don in ya warke ƙafa gare shi.