Zalɓen da Ya Sunkuyar da Kai

Akwai wata tsohuwa mai sayar da zare da allura a dandalin tsakiyar kasuwa, kowa Iya Mai Zare yake ce mata. Shekara arba'in da ɗoriya tana kasa kayanta a wuri ɗaya, gindin wani zalɓe na tagulla da aka kafa a kan dakalin siminti.

A da ruwa yana zuba daga bakin zalɓen nan, ya faɗo kan wani dutse mai ɗan rami. Bututun ya toshe shekara goma sha biyu ke nan. Dutsen ya koma mazubar leda da ɓawon lemo.

Wuyan zalɓen a lanƙwashe yake, bakinsa ya yi ƙasa sosai. Masu wucewa sukan ce mota ce ta buge shi. Iya ba ta tanka musu.

Mijinta ne ya ƙera shi. Maƙeri ne, hukumar gari ta ba shi aikin. 'Yarsu ɗaya tak, kuma ba ta taɓa tsayawa da ƙafafunta ba, da rarrafe take zuwa ko'ina. Ranar da zai lanƙwasa wuyan, ya zaunar da ita a kan dutsen, ya ce ta ɗaga hannuwa kamar mai tarbar ruwa. Ya tsinki zare a tiren matarsa, ya auna daga kan dutsen zuwa tafin yarinyar, ya ƙulla. Daidai ƙullin ya tsayar da bakin zalɓen.

Shekara uku yarinyar tana shan ruwan nan da hannunta, ba ta roƙi kowa ya ɗebo mata ba. Daga nan ta rasu. Uban ya daɗe bai bi ta ba, amma ya bi ta.

Yanzu yanar ido ta rufe wa Iya gani, sai dishi-dishi. Maƙwabcinta a dandalin wani gurgu ne mai gyaran takalmi, ana kiransa Sarkin Faci. Shi take faɗa wa abin da ke ranta.

"Ni ba ganin zalɓen nake nema ba. In ƙara jin ruwan nan yana dukan dutse ko sau ɗaya, in sun tashi ɗaukata su ɗauka."

"Haba Iya, ki tafi ki bar ni da wa? Wa zai riƙa zagina da safe?"

"Rufe min baki, mai hannu duk gam."

Rannan sai ga wani matashin injiniya da hular kwano da takardu, hukuma ta turo shi ya gyara zalɓen. Ya zaga, ya ƙwanƙwasa, ya ce wa mai waldarsa: "Wuyan nan za mu fara miƙewa. Ruwa sama zai riƙa fesawa, kamar yadda ake yi a manyan birane."

Iya ta ɗaga murya. "Ɗan nan, kada ka taɓa wuyan. Haka aka yi shi."

Ya yi dariya. "Iya, ina kika taɓa ganin zalɓe mai ƙusumbi? Ki ji da allurarki, mu ji da aikinmu."

Bai ce "me ya sa" ba. Kalma uku kacal, amma girman kai ya hana shi.

Tana zaune ta ji kukan injin yanka a wuyan zalɓen. Ta tattara tirenta tun kafin azahar, ta laluba hanyar gida. Ba ta ƙara fitowa ba.

Aka goge tagulla tana ƙyalli, aka sa sabon bututu, aka buɗe ruwa. Zalɓe ya kalli sama ya fesa. Iska ta kwashi ruwan ta watsa wa masu yadi, ta jiƙa buhunan mai gari, ta lalata wa mai gishiri kaya. Mai jin ƙishi kuwa ko ɗigo bai samu ba, sai dai ya koma gida da jiƙaƙƙiyar riga. Kwana huɗu 'yan kasuwa suka je da kansu suka kashe famfon.

Injiniya ya tsaya yana sosa ƙeya. Sarkin Faci ya kira shi.

"Ranka ya daɗe, matso. A'a, durƙuso, daga nan ƙasa ake ganin abin. Ka ga dutsen nan? Shekara nawa ina shan ruwa a kansa ba tare da na ce wa kowa don Allah ba. Kai ka yi wa tsuntsaye famfo. Je ka wurin tsohuwar da ka yi wa dariya."

Injiniya ya same ta a ɗakinta, tana zaune a bakin gado, tiren zare a kife a kan akwati. Ya cire hular ya durƙusa.

"Iya, na zo tambayar da ya kamata in yi tun farko."

 Ta sa hannu ƙarƙashin matashi ta zaro wani gwangwani. A ciki akwai jan zare da ya koɗe, da ƙulli ɗaya.

"Wannan tsawon hannun 'yata ne. Ka kafa bakin zaren a kan dutse, ka sauko da bakin zalɓen zuwa ƙullin. In ka tsinka min shi, ba ni ba kai har abada."

Injiniyan da ke yawo da na'urar awo a aljihu, da zaren nan ya yi aiki. Aka sake yanka wuyan, aka sunkuyar, aka liƙe.

Da kansa ya riƙo hannun Iya ranar da za a buɗe ruwan. Bututu ya yi tari, ya yi tari, sai ruwa ya zubo kan dutsen. Sarkin Faci ya ja jiki ya tara hannuwa ya sha.

Iya ta karkata kunne. Ta daɗe a haka.

"Shi ne," ta ce. "Haka yake yi in 'yata ta sa hannu."

Ta shafa wuyan zalɓen, yatsunta suka tsaya a kan tudun walda guda biyu.

"Za a goge, Iya," in ji injiniya.

"Bar shi. Wanda zai zo bayanka ya gani."

Ta karɓi zarenta ta mayar cikin gwangwani. Washegari da sassafe tirenta yana wurinsa, tana zagin Sarkin Faci.

Darasi: Ba duk abin da ka tarar a karkace ne ya lalace ba. Kafin ka miƙe abin da wani ya lanƙwasa, nemi na gaba da kai ka tambaya, don gyara yana yiwuwa amma tabo ba ya tafiya. Ku tura wa 'ya'yanku masu takardu su karanta, ku ma iyaye ku daina yin shiru da abin da kuka sani.