Kuskuren da Ya Kwance Harshen Anshel

Godiya ta tabbata ga Ubangijin talikai, Wanda Ya saukar da Attaura ga Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, Ya kuma bar mana a kowane zamani bayinSa na gari masu tsare ta. Bayan haka, wannan kaɗan ne daga karamomin shehinmu, allama, mai zuhudu da taƙawa, kogin ilimin da ba a ganin gaɓarsa, Allah Ya haskaka makwancinsa. Ba zan ambaci sunansa ba, domin bai so a ambata yana raye, kuma mutanen garinmu ba su cancanci su ji shi daga bakina ba.

Shi ne mai karanta mana kason Attaura na kowace Asabar a majami'armu ta Yahudawa, a ƙauyenmu da ke kusa da birnin Kolmar, tun kafin a haifi mafi yawanmu. Naɗaɗɗen littafin fata da ake karanta Attaura a ciki ba shi da wasali, ba shi da alamar rerawa, sai abin da mai karatu ya riƙe a ƙirjinsa, amma ba a taɓa jin wanda ya ɗaga murya ya gyara masa ko harafi ɗaya ba. Ni Zanbil, almajirinsa, ni nake tsayawa a gefensa ina bin karatun da ido a cikin bugaggen littafi, domin gyara idan an yi tuntuɓe. Gemuna ya yi furfura a kan wannan aiki ban taɓa buɗe baki ba.

Shugaban jama'armu a lokacin shi ne Gumpel, dillalin shanu, mutum mai kaurin murya wanda ba a ja da shi. Yana da ɗa guda, Anshel, wanda ya fi mu duka kaifin ƙwaƙwalwa a gaban Malam. Uban ya tura shi jami'a a birni don ya yi alfahari da shi, sai ga shi ya dawo da abin da ba a aike shi ba. Ya ce Attaura ba hannu ɗaya ya rubuta ta ba, rubuce-rubuce ne na zamani daban-daban aka haɗa aka ɗinke. Babbar hujjarsa labarin Annabi Nuhu: a wani wuri an ce dabbobi su shiga jirgi bakwai-bakwai, a wani wurin an ce sun shiga bibbiyu.

Gari ya ɗauka. Idan ya wuce kasuwa sai ka ji ana cewa, "Ga Farfesa nan! Farfesa, yau kuma wa ya rubuta ta, kai ko kakarka?" Dattawa suka taka har gidan Malam suka ce a hana shi shiga majami'a. Malam ya saurare su har suka gama, sa'an nan ya ce, "Mai neman ɗinki a jikin riga, ai rigar tana hannunsa. Ku da kuka rataye taku fa?"

Maimakon kora, sai ya sa Anshel ya riƙa zuwa kowace Alhamis su bi kason makon tare, ni ina zaune a gefe. Anshel ya kawo hujjarsa da zafi, yana buga tebur, Malam ya kawo abin da magabata suka faɗa, cikin natsuwa, ba ya ɗaga murya. Wani lokaci yakan ce, "Wannan tambayar taka mai kyau ce, ban san amsarta ba. Mu je aya ta gaba." Babu wanda ya rinjayi wani, kuma babu Alhamis ɗin da Anshel ya fasa zuwa.

Ran nan a kan teburin cin abincin Asabar, a gaban baƙi, Anshel ya sake ta da maganar. Gumpel ya miƙe ya mare shi, ya ce, "Bakin nan naka, Allah Ya kashe shi kafin ya kashe ni!" Matarsa Treinel ta dafe ƙirji ta ce, "Maigida, ka janye! Ɗanka ne fa, ka janye!" Bai janye ba.

Ba a yi wata guda ba zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da Anshel. Da ya tashi, ƙafar dama tana ja, harshe kuwa ya mutu murus. Yana ji, yana ganewa, idan ya buɗe baki sai gurnani da yawu. Likita ya zo daga Kolmar ya duba, ya ce a yi haƙuri, irin wannan ba ya dawowa. Wallahi na ga mutanen da suka yi murna. Matan da ke wanki a bakin rafi suna cewa, "Ai ga shi nan, Attaura ta rama." Gumpel kansa ya riƙa yawo kai a sama, kamar wanda aka tabbatar masa da cewa addu'arsa ba ta faɗuwa ƙasa.

Haka aka ci bazara, aka shiga kaka, aka gama bukukuwa, aka sake naɗe littafin zuwa farkonsa kamar yadda ake yi kowace shekara. A makon da za a karanta labarin Nuhu, Treinel ta zo gidan Malam da rana tsaka, ko mayafinta ba ta gyara ba, ta durƙusa a bakin ƙofa.

Ta ce, "Allah gafarta Malam, ni ban san wa ya rubuta me ba, ba kuma ruwana. Ni dai in ji ya ce Inna, ko sau ɗaya ne."

Malam ya dube ta. Sa'an nan ya ce, "Ki kawo shi majami'a ranar Asabar. Ya zauna a gaba."

"Ubansa ba zai yarda ba."

"Ki ce ni na ce."

Malam ya duƙufa da addu'a, bai ci komai ba ranar, bai ci ba washegari sai da Asabar ta shiga. Da safe muna tafiya majami'a ya tsaya ya dube ni ya ce, "Zanbil, yau duk abin da ka ji, ka kama bakinka."

Aka shigo da Anshel yana jan ƙafa, ya rame kamar kara. Waɗanda ke bencin gaba suka matsa, suka tattare rigunansu. Gumpel ya juya fuska bango. Aka fito da littafin, aka buɗe, Malam ya ɗauki ɗan sandan azurfa da ake bin layi da shi, ya fara rerawa da muryar nan tasa da ke sa tsigar jiki tashi. Ya wuce ginin jirgi, ya wuce umarnin bakwai-bakwai. Da ya iso inda aka rubuta cewa sun shiga bibbiyu, ina kallon kalmar da idona, sai na ji ya rera a fili, ba gargada, "bakwai-bakwai."

Na tuna umarninsa. Na ciji leɓe. Kuma abin da har yau yake ci mini rai, majami'a cike maƙil, babu wanda ya motsa. Wasu suna raɗa a kan kasuwar shanu, wasu suna gyangyaɗi, tsofaffi biyu da suka ji kuwa suka fi zargin kunnuwansu. Malam ya ja kalmar ya tsawaita, bai ɗaga sandan daga wurin ba.

Sai muka ji gurnani daga bencin gaba. Anshel ya dafa katako ya miƙe, jijiyoyin wuyansa sun tashi, fuskarsa ta yi ja wur, bakinsa yana karkarwa kamar mai son amayar da dutse. Sa'an nan murya ta fashe, a shaƙe amma kowa ya ji: "Bibbiyu! Malam, bibbiyu ne!"

Malam bai waiwaya ba. Ya koma farkon ayar ya karanta ta daidai, ya ci gaba. Daga benen mata muka ji ihun Treinel, Anshel kuwa ya ɗaga kai yana kuka yana cewa, "Inna, Inna." Daga ranar harshensa ya saki kamar ba a taɓa ɗaure shi ba. Likitan da ya sake zuwa ya duba ya girgiza kai, ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Kuna tsammanin an yi godiya? Tun kafin a nannaɗe littafin ake ƙus-ƙus. Waɗanda suka shafe watanni suna cewa hukuncin Allah ne, bakinsu ya mutu, kuma ba su yafe wa Malam ba. Gumpel ya ga an warware bakin da ya yi wa ɗansa a bainar jama'a, ɗan da ya tsine wa shi ne kaɗai ya gyara karatun Attaura a cikinsu. Ranar Lahadi ya tara dattawa, aka kira Malam.

Gumpel ya ce, "Malam, tambaya ɗaya ce. Kuskure ka yi ko ganganci? In kuskure ne, tsufa ya zo, ka huta. In ganganci ne, ka canza kalmar Attaura a gaban jama'a saboda ɗan bidi'a. Zaɓi ɗaya."

Wani daga baya ya ce, "Ai dama an ce akwai wani matashin makaranci a birnin Strasbur, muryarsa kamar sarewa."

Malam ya ce, "Na karanta ba daidai ba, an gyara mini, na karɓi gyara." Ya ajiye mabuɗin majami'a a kan tebur ya fita, babu wanda ya miƙe masa.

Ya koma gidan ƙanwarsa a wani ƙauye can cikin tsaunuka, inda Yahudawa ba su kai goma ba, balle a buɗe littafi a yi karatun jam'i. Mutumin da ya rayu a kan rerawar Asabar ya ƙare yana yi wa bangon ɗaki. Anshel kuwa ya koma birni, ya zama malamin jami'a, ya yi ta karantar da ra'ayinsa na farko da harshen nan da aka roƙa masa, bai sauya ko ɗigo ba.

Da na kai wa Malam ziyara a cikin sanyin da ya yi ajalinsa, na kasa haɗiye abin da ke raina. Na ce, "Allah gafarta Malam, ka rasa matsayinka, ka rasa garinka, shi kuma yana nan a kan bakansa. Me aka samu?"

Ya yi murmushi ya ce, "Harshe na roƙa masa, Zanbil. Ban roƙi abin da zai faɗa da shi ba."

Ranar jana'izarsa, daga garin da ya yi wa karatu tsawon rayuwarsa mu uku muka je: ni, da Treinel, da Anshel wanda ya taho daga birni cikin ƙanƙara. Sai da muka tare fatake Yahudawa a kan hanya muka roƙe su kafin a cika maza goman da ake buƙata don a yi masa addu'a. Anshel ne ya fara zuba ƙasa, kuma sai da aka ɓamɓare shebur daga hannunsa.

Wannan shi ne abin da idona ya gani daga shehinmu, waliyyin Allah, mai haƙurin da ya fi ƙarfin fahimtata. Shi ya yafe musu tun kafin ya bar garin. Ni har yanzu ina fama. Ya Ubangijin Ibrahim da Ishaƙa da Yaƙuba, Ka ɗaukaka darajarsa a cikin salihai, Ka yayyafa mana albarkarsa, mu da zuriyarmu, Ka kuma sanyaya mini wannan zuciya kafin Ka karɓe ta. Amin.